Jinjina Ga Gwanayen Sauya Sheƙa

Ranku ya daɗe, manyan ƙasa, masu kwana a wata jam'iyya su wayi gari a wata. An daɗe ana yi muku ƙazafi wai ba ku da alƙibla. Hassada ce kawai. Tun 1999 alƙiblarku ɗaya ce, ba ta taɓa gocewa ba: inda mulki yake, ko inda aka hango zai koma.

A dubi ƙwazon mana. Alhaji Atiku Abubakar ya fara da PDP, ya yi takarar 2007 a AC, ya dawo gida, ya shiga APC a 2014, ya sake dawowa a ƙarshen 2017, ya kuma fice a 2025. A Nuwamban 2013 gwamnoni biyar suka naɗe lemar PDP rana ɗaya suka ɗauki tsintsiyar APC, cikinsu har da Kwankwaso na Kano, Wamakko na Sakkwato da Nyako na Adamawa, kuma kafin zaɓen 2019 wasunsu sun koma gidan da suka rantse ya ruɓe. Malam Ibrahim Shekarau kuwa sai a sara masa: 2022 ta same shi a APC, a watan Mayu yana NNPP, Agusta bai ƙare ba yana PDP. Karamci kuma sai Zamfara. Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a 2019, Bello Matawalle ya hau kujera da sunan PDP, a Yunin 2021 ya ɗauki kujerar sukutum ya kai wa APC. Wa ya isa ya yi kyauta irin wannan, da kayan da ba nasa ba?

Kuma ku masu bin doka ne. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta dare gida biyu. Ikon Allah, ba ku taɓa fita ba sai idonku ya gano ɓarakar da ba wanda ya gani, a daren da za ku tafi. Da safe a tara 'yan jarida: "Mun tuntuɓi magoya baya." "Ba a yi mana adalci ba." "Don ci gaban al'ummarmu ne." Ga kuma rahama, domin a Janairun 2019 Adams Oshiomhole, yana shugaban APC, ya faɗa a bainar jama'a cewa wanda ya shigo jam'iyyarsu an yafe masa zunubansa. Tuba ba nadama, ba mayar da haƙƙi, wa zai ƙi?

Inda kuka fi burge ni shi ne yadda ba ku riƙo. Mutumin da kuka kira ɓarawo a kan dandamali, kuka sa sojojin baka suka yi wata shida suna yagarsa a rediyo, yau ga ku rungume da juna a Abuja, kuna cewa siyasa ba gaba ba ce. Gaskiya ne, a tsakaninku ba gaba ba ce. Gabar kun bar wa na ƙasa ita. Akwai wa da ƙanen da har yau ba sa gaisawa saboda ku. Akwai wanda ya daina bin limamin unguwarsu, da wanda ya fasa ba da 'yarsa. Akwai yaron da aka ba ƙwaya da gora ya raka ayarinku, ya dawo da sara a ka, da wanda bai dawo ba. Uwarsa ba ta san kun shirya ba. Ita ba ta da wata jam'iyyar da za ta koma a mayar mata da ɗanta. Matar da ta sha rana a layi da goyo, ta dangwala wa alamar da kuka nuna mata, ba wanda ya tuntuɓe ta ranar da kuka sa ƙuri'arta a aljihu kuka tsallaka titi.

Allah sarki mutanen da, ba su waye ba. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai saboda katin jam'iyya kawai. Hajiya Gambo Sawaba ta yi ta shiga kurkuku tana fita, ba ta gane cewa tsallakawa NPC ya fi sauƙi ba. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983 a ɗan gidansa na Gwammaja, bai tara abin da kansila ke tarawa a zango ɗaya ba. Ina ma sun same ku sun ɗauki darasi!

Saura ɗan gyara, ranku ya daɗe, don tausayin masu buga fasta da masu ɗinka huluna. Kafin 2027, a riƙa buga hotonku da sunanku kawai, a bar gurbin tambarin jam'iyya fari, ranar zaɓe kowa ya cike da alƙalami.