Ranar da Na Zama Ɓera a Gaban Surukina

Kyanwa gare mu, sunanta Sarauniya, kuma ba ta fita waje. Maƙwabcinmu yana kiwon tattabaru, ya kuma rantse a kan abin da zai yi in ya sake ganin ta a kan katanga. Unguwa cike take da maganin ɓera, ga tirelolin da ke tsala gudu ta Ɗan Magaji ba su da nisa da mu. Sai muka tsare ta a gida. Ta yi ƙiba, ta koma yagar kujerun falo da rana, da asuba kuma ta hau ruwan cikina tana kuka.

Wani ƙanen abokina da ke karatun likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ya zo ya duba ta, ya ce lafiyarta lau, zaman kashe wando ne ke damun ta. Ya ce kyanwa takan yi barcin awa 12 zuwa 16 a kwana ɗaya, wannan ba ciwo ba ne, amma sauran lokacin na farauta ne, musamman da asuba da gab da magariba. Wadda ke yawo a waje sai ta yi laɓe, ta yi sanɗa, ta daka tsalle kafin ta sami ɓera ko ƙadangare ko fara. Wadda ake zuba wa a kwano an raba ta da duk wannan. Maganinta wasa ne na minti 10 zuwa 15, safe da yamma, da abin da zai riƙa guje mata yana ɓuya, don ɓera ba ya zuwa gaban mage ya yi rawa. In an gama a bar ta ta kama, a ba ta ɗan nama. A sama mata wuri mai bisa, da itacen karta, tunda kartar ce ke cire mata tsohon ɓawon farce. Kada kuma a bar zare a ƙasa, in ta haɗiye wataƙila sai an yi mata aiki.

Babu wanda ban yi ba. Na ɗora kwali a bakin taga inda ake hango Dutsen Kufena sarai, wurin da sarakunan Zazzau suka zauna bayan Turunku, kafin a koma Birnin Zariya a ƙarni na 16. Mutane na tahowa daga nesa don su hau dutsen nan. Sarauniya ta shiga kwalin, ta juya wa tarihi baya, ta yi barcinta. Na ɓoye gutsattsarin kifi banda a ramukan kiret ɗin ƙwai don ta yi aiki kafin ta ci. Ta zauna ta zuba mini ido har na ji kunya na juye mata a kwano. Na ɗaure gashin zabo da zaren ɗinkin buhu a jikin karan dawa ina ja. Ta bi shi da ido ɗaya.

Ranar Asabar bayan La'asar karan ya karye. Sai dabara ta faɗo mini. Ai an ce abin farauta ya gudu ya ɓuya. Na ƙulla zaren a bakin tazugen wandona, na zura shi ta tsakanin ƙafafuna, gashin zabo yana bi na a baya. Tazugen nan kuwa ɗaurin zarge nake yi masa, ja ɗaya ya kwance. Daga ni sai singileti da wando, na kama rarrafe ina zagaya kujeru, na tsuke baki ina tsit-tsit-tsit.

Sun ce sun yi sallama har sau uku. Na yarda. Ɓera ba ya amsa sallama.

Baban matata ne, dattijon Ƙofar Doka, wanda tun da aka ɗaura aure bai taɓa tako gidana ba saboda kawaici irin na manya. Dubiya suka je asibitin Wusasa, abokinsa ya matsa sai sun biyo sun ga yara. Matata tana madafi, ƙanenta da ya rako su ya ɗaga labule ya ce bismilla. Ni kuwa na ɓullo daga bayan doguwar kujera da hannu biyu da gwiwa biyu, bakina a tsuke, tsit ɗin ƙarshe bai gama fita ba, sai ga yatsun ƙafa goma a gaban hancina. Na ɗaga kai a hankali. Farar babbar riga. Carbi. Gemu. Fuskar da na sha durƙusa wa a zaure da kayan Sallah. Abu ɗaya ya taimake ni, na riga na durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba."

A daidai wannan lokaci Sarauniya ta tuna ita kyanwa ce. Ƙanen matata, wanda ya ga komai ta gefen da ni ban gani ba, ya ce idanun kyanwar sun cika da baƙi, ta kwantar da ƙirji a ƙasa, ta kaɗa ɗuwawu, ta taso. Duk abin da ɗalibin Samaru ya lissafa ta yi shi a jere, babu gyara. Ta cafke gashin zabo ta kwasa a guje, na ji zarrr a ƙuguna, na ji iskar fanka a inda ba ta saba tarar da ni ba. Na damƙe wando da hannun hagu. To kyanwa in ta kama abu, lungu mai duhu take kai shi ta ci a tsanake. Duk falon nan babu lungu mai duhu da faɗi irin ƙarƙashin babbar rigar Baba.

Ga yadda muka kasance, don ina so a gane. Ni a durƙushe, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a ƙugu. Baba a tsaye, yana kallon fanka yana jan carbi. Tsakaninmu zaren ɗinkin buhu ne a miƙe tsaf, ya taso daga tazugena ya shige ƙarƙashin rigar surukina. In na miƙe, wando ya tafi. In na ja, na ja rigar Baba. In na saki, tazugen zai zare ya bi ta. Can ciki kuwa ana jin gurnani, gefen rigar yana motsi, zaren yana rawa kamar tsirkiyar molo. Kullum na rufe ido sai in ga wannan zaren. Baba bai kalli ƙasa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya fi kashe ni.

Abokin nasa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya nemi kujerar da ta fi yagewa ya zauna, ya gyara hula.

"Ɗana, ai ba haka ake yi ba."

Ya faro daga 1911, shekarar da layin dogo daga Baro ya ratsa Zariya ya kai Kano. Daga nan ya gangaro sito na tashar jirgi, inda ya ce kyanwoyi ke kwana cikin buhunan gyaɗa, kuma bai taɓa ganin ma'aikaci ya yi musu rarrafe ba. Shawararsa ta farko: in sayi buhun gyaɗa in ajiye a uwar ɗaki, a daina shara, ɓeraye za su zo da ƙafarsu, kyauta. Ta biyu: aure take so, akwai muzuru a gidansa na Tudun Wada, ido ɗaya gare shi amma ɗan asali ne. Ya tuna mini da hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha.

"Muna ba ta abinci, Alhaji."

"Na gani. Kai ne ba a ba ka, shi ya sa wandon ke zamewa."

Sannan ya zo kan abin da ya fi damun sa. Ya ce tun daga ƙofar gida ya ji kukan da nake yi, kuma wannan ba kukan ɓera ba ne, kukan jaɓa ne. Jaɓa kuwa ko mage ta kashe ta ba ta ci, saboda wari, shi ya sa aka daɗe ana raina ni. Ya tsuke bakinsa, dattijo mai furfura, ya yi mini na ɓera na ainihi, ya ce in maimaita. Wallahi nasa ya fi. Sarauniya ma ta shaida, don tana ji ta ƙara fizgar zaren, tazugen ya ƙaro mata kamu guda.

"Maimaita mana, ɗana."

Na maimaita. A gaban Baba.

Matata ce ta shigo da ruwa a faranti. Ta dubi ubanta, ta dubi mijinta, ta bi zaren da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta ajiye faranti, ta koma, ta dawo da almakashi. Ta durƙusa ta gaishe da Baba da ladabi, ta datse zaren tana cikin tambayar mutanen gida. Na fita da baya, a kan gwiwa, ina cewa a gaida Mama.

Washegari da safe ƙanen matata ya zo da gorar rubutu daga Ƙofar Doka. Na ce ai kyanwa ba za ta sha ba. Ya ce Baba ya ce ba nata ba ne.