Yadda Za Ka Haɗa Taki A Gida Kafin Akuya Ta Riga Ka

Da farko ka san abokan takararka. A gidan Bahaushe ba kasafai abinci ke kaiwa juji ba: sauran tuwo ya zama ɗumame, na gindin tukunya ya zama ƙanzo, ɓawon doya da na ayaba kuwa tuni akuya ta ci gadonsu. Rabonka shi ne ɓawon albasa, ɓawon ƙwai, da ƙullin ganyen shayin da maigida ya tsoma sau uku, har ruwan ya koma kamar na alwala.

Nemi tsohon bokiti ka huhhuda gindinsa, ko ka haƙa rami a bayan ɗaki. Shimfiɗa busasshen ganye ko karmami, zuba ɗanyar shara, ka sake rufewa da busasshe. Busasshen ya ninka ɗanyar sau 2. In ka saɓa, wari zai riga ka isa wurin mai unguwa.

Ƙullin shayi kuma farke shi za ka yi, ka zazzage ganyen, ka jefar da jakar da zarenta. Da yawansu da roba ake manne bakinsu, ita kuwa roba ko jikanka ya zo noma zai tarar da ita tana nan daram. In ganyen ya yi kaɗan, ka ƙulla zumunci da mai shayin bakin titi, amma ka fara biyan bashin da yake binka.

Kada ka sa nama, ƙashi ko mai, sai dai in walima kake shirya wa ɓeraye. Wanda ma yake da naman zubarwa a wannan zamani, ba taki yake buƙata ba, baƙi yake buƙata.

Riƙa yayyafa ruwa har ya yi laima kamar tsumman da aka matse, ka kuma juya shi duk mako don ya sha iska. In ka cusa hannu ka ji ɗumi, kada ka nemi mai ruƙiyya; ƙananan halittu ne ke kan aikinsu. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa.

Kada kuma ka yi ta hura hanci kamar kai ka ƙirƙiro. Tun zamanin kaka da kakanni jakuna suka riƙa fita da taki a mangala daga cikin birnin Kano zuwa gonaki.

Sai ka zuba wa zogale da alayyafonka. Amma ka ja shinge tukuna, domin akuyar nan ba ta yafe ba.