Tunda Ba Ka da Kaya

Makon nan na shiga Golf daga Kasuwar Daji zuwa Ƙaura Namoda, aka ɗora mini dutsen guga a cinya. Na gawayi, mai zakara a baki. Na wani Alhaji ne da zai zarce Shinkafi ɗaurin aure, kwana biyu kacal, kuma Ghana-must-go ɗinsa uku sun riga sun cike but har yaron mota ya ɗaure murfin da igiya.

Na ce, "Alhaji, Shinkafi babu masu wanki da guga ne?"

Ya ce, "Akwai su, Malam, amma ba su san halin shaddata ba."

Gawayin ma daga gida ya taho da shi a leda, wai na Shinkafi tartsatsi gare shi. Ga mafici. Ga tsohon bargo na shimfiɗar guga. Na tabbata da motar tana da sauran wuri da ya ɗauko tebur ɗin, da yaron da ke yi masa gugar, da bishiyar da ake zama a inuwarta. Duk ramin da muka faɗa sai zakaran nan ya sare ni a haƙarƙari, Alhaji kuwa ya leƙo ya tambayi lafiyar dutsen.

Jakar da mutanen Gana suka zuba duk abin da suka mallaka a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta ce su tafi, ita muke cika uku don cin shinkafar biki. Jirgin ƙasan da ya iso Ƙaura a 1929 don gyaɗa da auduga aka kawo shi, amma da Turawa sun san Alhaji da sun ƙara tarago.

Wai a Turai akwai masu hawan duwatsu da 'yar jakar goyo, har suna yanke ƙotar buroshin goge baki don rage nauyi. Sannunsu. Bafillace zai kora shanu daga dajin Zurmi zuwa mashekari da sanda, gora da malfa, aswakinsa yana jiransa a jikin bishiya. Almajiri kuwa allo, buta da ƙwarya.

To ka gwada kwaikwayonsu a unguwarmu. Ka fito da 'yar jaka a kafaɗa, kafin ka kai bakin hanya Inna ta aiko jika: "Tunda ba ka da kaya, ga ɗan saƙo." Ɗan saƙon buhun gero ne. Maƙwabciya ta kawo jarkar man gyaɗa marar murfi, an toshe da leda. Kawu ya miƙo kaji biyu, za a kai wa wani "mai shago kusa da masallaci", ba suna, ba lambar waya. Kuɗin kayan a tasha kai za ka biya ɗan kamasho, kuma idan kaza ta mutu a hanya har jikokinka sai sun ji labari. Ka ce a'a, a ce boko ya ɓata ka, ba ka da zumunci. Zumuncin da kullum a kan wuyan mutum ɗaya yake tafiya!

Ni yanzu da asuba nake fita, ta ƙofar baya, waya a kashe. Jiya Inna ta aiko a tambaye ni ranar da zan sake tafiya.