Na Zo Amurka Cin Bashi

Zuwa ga taubashina, sarkin maciya bashin unguwarmu,

Bayan gaisuwa irin ta ubangida ga baransa, ina fatan kana lafiya, ina kuma fatan mai shayin bakin layi bai kai ƙararka wajen mai unguwa ba tukuna. Ina su Inna? Ina Kawu da ƙafa? Ni dai lafiya lau nake, sai sanyin Niyok, wanda ba zan ɓata takarda a kansa ba, don ko na faɗa ƙaryata ni za ka yi.

Saƙonninka na murya guda goma sha ɗaya sun iso. Na saurare su tas, na kuma lura gaisuwa ta ci daƙiƙa huɗu, kuɗin shara ya cinye sauran. Za mu zo kansa. Na zaɓi in rubuto ne saboda na san in kiranka na yi, dariya ba za ta bar ka ka ji ƙarshen magana ba.

Gyara zama. Ni, ɗan Malam, wanda ko sabulu bai taɓa karɓowa a kanti da sunan "gobe za a kawo" ba, na ci bashi. Da gangan kuma. Har da bin layi, da cike takarda, da roƙo.

Ka san tun zuwana ɗaki ɗaya muke raba mu huɗu a unguwar Bronx. Da na samu wata takwas ina aiki, na ɗan tara abin da na tara, sai na ce bari in nemi wurin da zan yi munshari ni kaɗai. Na sa rigata mai kyau na tafi ofishin masu ba da haya. Matar da ke wurin ta duba takardar albashina, domin a garin nan da yawa daga cikin masu gidaje suna son abin da kake samu a shekara ya ninka kuɗin hayar wata sau 40. Da ƙyar na tsallake wannan. Sai ta ce yaya tarihin bashina?

Na buɗe ƙirji, na ce alhamdu lillahi, tun da uwata ta haife ni ban taɓa cin bashin kowa ba. Wallahi jira nake ta miƙe ta kira abokan aikinta su zo su ga mutumin kirki. Sai ta dube ni kamar na ce mata ban taɓa wanka ba. Ta karɓi lambata mai ƙwaya tara da gwamnati ke ba ma'aikata, ta danna a kwamfuta, ta juyo da allon wajena. Fari fat. Ta ce, "Ba ka nan." Na ce ga ni zaune gabanki, Hajiya.

Na zaro katin bankina, irin namu na cirar kuɗi da kake kai wa mai POS. Na ce da shi nake sayen komai, daga burodi har kuɗin jirgin ƙasa, ba a taɓa maido shi ba. Ta ce ai wannan kuɗinka ne kake kashewa, kuma kashe kuɗin kai ba ya zama shaida. Abin da suke son gani shi ne yadda kake yi idan kuɗin wani ya shiga hannunka. Na fito ina ta maimaita maganar a hanya, ina neman inda ƙaryarta take, har na iso gida ban samu ba.

Haushi ya sa a makon nan na nemi katin bashi a wurare uku. Duk suka hana ni, da dalili ɗaya: ban taɓa ci ba. Wato ba a ba ka bashi sai ka taɓa ci, ba ka kuma ci sai an ba ka. Daga baya na ji cewa kowace nema ma tana barin tabo a takardarka, shekara biyu yana nan, alamar cewa wannan bawan Allah yana yawon neman rance. Ka ga na fara da bashin suna kafin in ci na kuɗi.

Wanda ya warware mini zaren wani dattijo ne Bahaushen Kumasi da muke sallar Juma'a tare, direban tasi, shekararsa kusan talatin a ƙasar nan. Hausarsa irin ta zango ce, ba ruwansa da mace ko namiji, "matana ya ce" yake cewa, amma kansa akwai lissafi. Ya saya mini shinkafa da wake, ya bari na gama kukana, sannan ya ce, "Yaro, ka san littafin mai kanti?"

Wa ya kai ka saninsa, taubashi? Wannan littafin mai baƙin bango da aka ware maka shafi uku a ciki. To, Amurka gaba ɗayanta littafin mai kanti ce. Kamfanoni uku ke riƙe da shi: Equifax, Experian da TransUnion. Bankuna da masu katin bashi da masu ba da mota bashi suna kai musu rahoto wata-wata: wane ya ci kaza, ya biya ran kaza, ko ya yi ɓatan dabo. Abin dariya, shi Equifax ɗin asalinsa ma daga kanti ne. A 1899 wasu 'yan'uwa biyu suka kafa shi a birnin Atlanta, ɗayansu mai sayar da kayan masarufi ne da ya saba rubuta sunayen masu biya da masu taurin bashi, ya gane sauran 'yan kasuwa za su sayi wannan labari. Ka duba fa, gulmar da ake yi a kyauta a bencin mai shayi, wasu sun mai da ita kamfani.

Daga cikin littafin nan ake fitar wa kowa da maki. Wanda aka fi amfani da shi ana ce masa FICO, tun 1989 ake bin sa, yana farawa daga 300 ya ƙare a 850. Daga 670 zuwa sama an fara gaishe ka da hannu biyu. Ƙasa da 580, ko sallama ka yi sai an leƙa ta taga. Kuma makin yana bin ka wajen haya, wajen sayen mota, wajen karɓar waya biya-a-hankali, a jihohi da yawa har wajen inshorar mota. Mai maki ƙasa ya fi kowa biyan kuɗin ruwa, wato wanda ba shi da shi, shi ake ƙara tatsa.

Na san abin da ke ranka yanzu. Kana cewa ashe ƙasarka ce aka kai ni bisa kuskure, da kai ne da tuni an naɗa maka rawani. Kwantar da hankalinka. Kashi 35 cikin 100 na makin, biya a kan lokaci ne. Biya, taubashi. Kalmar tana nan a Hausa, ka tambayi Kawu ma'anarta. Kashi 30 kuma yawan abin da ake bin ka ne idan aka gwada da iyakar da aka yanka maka. Kashi 15 daɗewarka a cikin littafin, shi ya sa dattijon ya ce katin farko ba a yar da shi ko ya tsufa, da tsohuwar zuma ake magani. Ragowar 20 an raba biyu, tsakanin yawan sabon bashin da kake nema da iri-irin wanda ka taɓa ɗauka.

Ƙofar da irina ke shiga ita ce katin jingina. Ka saurari wannan da kyau, don har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai a jirgi. Na kai wa banki dalata 200. Suka karɓa suka kulle. Suka ba ni kati, suka ce sun amince in ci bashi har dala 200. Kuɗina fa. Kamar ka kai wa mai awo buhun gero ajiya, sannan ya riƙa ranta maka kwano-kwano, yana rubutawa, yana yaba halinka. Na ce wa dattijon wannan ai rainin hankali ne. Ya ce, "Ƙwarai. Sa hannu."

Sai an yi wata shida ana kai rahotonka kafin makin ya fito. Wata shida ina sayen katin waya da man shafawa da katin nan, ina biya tun kafin su tambaya. Ranar da makina ya bayyana, 688, na ɗauki hotonsa kamar sakamakon jarrabawa. Na so in turo wa Inna, na tuna ba zan iya bayanin ko na mene ne ba.

Sai sanyi ya shigo, na ga wata rigar sanyi ta dala 185, na ce ga ranar kati. Na saya, na biya duka kafin ranar da aka ɗiba mini, ko sisi ban bari ba. Da na leƙa, makina ya zube ƙasa. Na je wa dattijon a fusace, na ce ga amanar da na riƙe, ga sakayyar da aka yi mini. Ya yi dariya har da tari. Ashe su ba ranar biya suke ɗaukar hotonka ba, galibi ranar da aka rufe lissafin wata ne. A ranar kuwa an gan ni na cinye 185 cikin 200, kamar baƙon da aka ce "bismilla" ya share kwano har da suɗi. Ana son kada ka wuce kashi 30 na abin da aka yanka maka, in ma ka tsaya ƙasa da haka ya fi. A ba ka, ka ɗan taɓa, ka ture kwanon ka ce ka ƙoshi. Ashe kunyar surukai ce suka mai da lissafi. Wata na gaba da na koma ɗan taɓawa, makin ya dawo.

Na san Kawu zai tambayi maganar riba, don ni ma ita ta hana ni barci. Ga yadda abin yake. Idan lissafin wata ya fito, doka ta ce a ba ka aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. In ka biya duka a cikinsu, ba a ɗora maka kuɗin ruwa kan sayayyarka. In ka bar saura, nan ne kura ke fitowa, don kuɗin ruwan katunan nan yakan haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Kuma a takardar suna rubuta wani ɗan ƙaramin adadi, wai shi kaɗai ma in ka biya ya wadatar. Wannan shi ne tsaba a bakin tarko. Akwai abokin aikina da ke biyan ɗan adadin nan tun kafin in zo, talabijin ɗin da ya saya har ta lalace, bashinta na nan da ransa. Malamai a nan sun rabu: wasu na ganin sa hannu a yarjejeniyar da ke da sharaɗin riba ma bai halatta ba, wasu sun yi sassauci saboda larura ga wanda ya tabbata zai biya duka a kan kari. Ni na bi na biyun, na kuma saita wayata tana cire kuɗin da kanta, don ban yarda da tunanina ba.

Akwai wani yaro a ɗakinmu ɗan shekara 19, shi nasa ya fi nawa wuya. Dokar da Obama ya sa wa hannu a 2009 ta ce wanda bai kai 21 ba, ba a ba shi katin bashi sai ya nuna yana da abin shigarsa ko wani babba ya tsaya masa. An yi ta ne don a da har cikin jami'o'i ake bin yara da katuna ana haɗa musu da kyautar riga. 'Ya'yan masu wayo kuwa tun suna sakandare iyayensu ke saka sunansu a katinsu, sai yaro ya tashi da tarihin da bai sha wahalarsa ba. Dattijon ya yi wa 'ya'yansa haka. Na ɗan gyara murya na ce ai ni ma ɗa ne. Ya ce wake na sanyi, in ci.

Wani dare na kwanta ina tuna Kantin Kwari, yadda za a ɗora wa mutum dilolin atamfa na miliyoyi ba takarda ba sa hannu, don kawai an san ubansa, an san masallacin da yake sallah. Nan babu wanda ya san Malam. Da farko abin ya yi mini ciwo. Daga baya na ga ta wani gefen da daɗinsa, domin kwamfutar ba ta tambaye ni ɗan gidan wa ba, ba ta kuma ce in kawo wani Alhaji ya yi mini magana ba. Sai dai ba ta jin "a yi haƙuri, rasuwa aka yi mana." Ka makara kwana 30, a rubuta, kuma shekara bakwai rubutun na nan. Mai shayinmu ko kwana bakwai ba ya iya riƙe fushi, da ka ce masa shayinsa ya fi na kowa a Kano ya buɗe maka sabon shafi.

Yanzu kuɗin shara. Na zauna na yi maka lissafi irin na nan. Akwai naira dubu biyar da ka karɓa a filin jirgi ranar tafiyata, wai kuɗin motar komawa gida, alhali a motar Kawu kuka zo. Akwai agogona da ka ara zuwa ɗaurin aure, amaryar yanzu goyonta na biyu. Akwai takalmina. Ta fannin daɗewa a littafi kam ka cinye makin duka, ba mai ja da kai. Sauran fannonin na haɗa na raba, na ga 300 ɗin da suke farawa da ita ma kyauta ce ba ka cancanta ba. Duk da haka na yanke shawarar buɗe maka katin jingina. Ka kai wa Inna dubu biyar ɗin nan ta ajiye, in ta tabbatar mini sun shiga hannunta, zan ranta maka su.

Ka gaida Kawu, ka ce maganin ƙafarsa na nan tafe a hannun wani mai zuwa bayan sallah. A sako mini yaji da kuka da daddawa, kilishi kuwa a bar shi, ba a barin nama ya shigo ta filin jirginsu.

In za ka karanta wa Inna wasiƙar nan, ka tsaya a wajen sanyi. Muddin ta ji ɗanta ya ƙetare teku ya je yana bin layin cin bashi, ba ni ba barci, ba ku ba barci. Na san kuma yanzu ka samu abin da za ka riƙa yi mini barazana da shi. Faɗi farashinka, amma ka sani ba a hannu zan biya ba.

Naka,
Ubangidanka mai maki 702