Yadda Ake Gasa Laftof a Maigatari Ba Tare da Gawayi Ba

Duk mai riƙe da lissafin buhunan zoɓo da riɗi a yankin cinikin da ba haraji na Maigatari ya san ranar Maris zuwa Mayu ba ta wasa, zafi kan haura digiri 40. Sai dai laftof akwai taurin rai. Sai ƙwaƙwalwarta ta doshi digiri 100 take rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Allah ya ba ka 40 kyauta ke nan, ɗan'uwa. Ga yadda za ka nemo cikon.

Na farko, ɗora ta a kan katifa ko filo. Ramukan da take shan iska galibi a ƙasanta suke, soso kuwa ya iya toshe su tsaf. In ka ji fankarta tana gurnani, ƙara murya a rediyo.

Na biyu, ka yi abota da ƙura. Ranar Alhamis, kasuwa ta ci, shanu da raƙuman Nijar suna ta turmutsitsi, sai ka buɗe taga ka aje ta daidai saitin iska. Ƙurar hunturun bara da ta bana su haɗu da ɓurɓushin zoɓo, su dunƙule a ragar da ke bakin fanka. Ka yi hattara da mai shisshigin da zai kashe ta, ya zare caja, ya tokare fankar da tsinke don kada ta yi ta juyawa, ya bi ramukan da burushi yana hura iska. Cikin minti goma zai rushe maka wahalar shekara biyu.

Na uku, kada ka tausaya mata. Buɗe shafi 30 a Chrome, ga takardar lissafi, ga wasan ƙwallo a YouTube. Ka nisanci danna Ctrl da Shift da Esc a tare, domin allon da zai fito zai tona asirin manhajar da ke shanye mata ƙarfi, har zuciya ta raya maka ka rufe ta.

Na huɗu, in za ka shiga Gumel, bar ta a kujerar mota, gilasai a rufe, ka tafi azahar da cin abinci. Amma nan akwai inda raha ta tsaya: in ka ga batirin ya kumbura har ya ɗago wurin da kake jan yatsa, kashe ta, kada ka sake jona ta. Irin wannan batirin yana kamawa da wuta, kuma buhunan zoɓo ba sa jiran a roƙe su.

Na biyar, in ta ɗauke ɗif ana tsakiyar lissafi, ruga da ita firji, ko ka jera mata ledojin ruwan sanyi. Raɓa za ta taru a ciki, abin da zafi ya bari ruwa ya ƙarasa. Daga nan sai neman mai laifi: maƙwabcin shago, ko bakin mutane. Kada ka kuskura ka zargi ɗan man nan da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da bututun jan ƙarfe mai kwashe zafi, wanda ke bushewa bayan 'yan shekaru. Masu gyara a Farm Centre ta Kano kan goge tsohon su shafa sabo kana zaune, shayinka bai huce ba.

Wanda kuma ya ga bai shirya rabuwa da tasa ba, sai ya juya shawarwarin nan baibai: tebur mai tauri, murafan kwalba huɗu a ƙarƙashinta don iska ta ratsa, inuwa, da hura ƙura bayan kowane hunturu. Kuɗin wannan duka bai kai na zakara ba. Na sabuwar laftof kuwa, sai dai a ja bijimi zuwa kara.