Kowa da Ƙarfen da Yake Gudu

Gidan ɗaga ƙarfe, ko na masu hali ne mai na'urar sanyaya ɗaki, ko na bayan layi inda aka cika gwangwani da siminti aka soka masa bututu, mutanensa iri ɗaya ne. Kowa jiki ya zo nema, kuma hanyar ba ɓoyayya ba ce. Motsi biyar ko shida ne masu sa gaɓoɓi da yawa aiki a lokaci guda: ka tsuguna da ƙarfe a kafaɗa ka miƙe, ka ɗauke shi daga ƙasa, ka tura shi kana kwance a benci, ka tura shi sama da kai, ka janyo shi zuwa cikinka kana sunkuye, ka rataya a sanda ka ja jikinka sama. Abin kallon shi ne dabarun da ɗan'adam ke ƙirƙirowa don kada ya yi su.

Mai Madubi ne ke fara zuwa, don ya kama wuri. Ƙaramin ƙarfe a kowane hannu, yana lanƙwasa gwiwar hannu yana leƙen damtsensa ko ya ƙaru tun jiya. Bai san cewa naman bayan damtse ya fi na gaba yawa ba, kuma duk biyun za su sami rabonsu kyauta in ya yi turi da ja. Rigarsa ta ƙaninsa ce.

Amininsa Sarkin Benci ya fi shi gaskiya, don ko banza ya zaɓi motsi na ƙwarai, mai haɗa ƙirji da kafaɗa da bayan damtse. Laifinsa kawai ya ɗauka jiki a cibiya ya ƙare. Litinin ƙirji, Laraba ƙirji, Juma'a bayan an sauko daga masallaci ƙirji. Gaisuwarsa ɗaya ce: "Baaba, nawa kake turawa?" Daga sama ƙato ne na gaske, daga ƙasa ƙafafu kamar sillen kara, shi ya sa ko a tsakiyar bazara ba ya rabuwa da burgujejen wando. Kafaɗunsa sun ranƙwafo gaba saboda bai taɓa janyo komai ba, gadon bayansa na zaman marayu. Hoton Samson Dauda ne a fuskar wayarsa, haifaffen Legas ɗin nan da ya ci gasar Mr. Olympia a 2024, amma ya yanke hoton daga ƙugu. Da ya bar cinyoyin a ciki da sun hana shi barci.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Mai Gwiwa. Da zarar an ce yau ranar tsuguno ce, sai ya dafa gwiwa ya ɓata fuska: "Oga, wallahi an ce yana cinye gwiwa." Wa ya ce? An dai ce. Mutumin nan a tsugune yake alwala, a tsugune yake cin tuwo, a tsugune yake wanki, ya kuma yi awa guda a tsugune bakin mai shayi yana musun ƙwallo. Sai an ɗora masa sanda mai kilo 20, ko faifai ɗaya babu a jikinta, gwiwar ke tuna tana ciwo. Gaskiyar ita ce tsuguno da ƙarfe yana da wuya. Cinya da ɗuwawu ne manyan tsokar jiki, in suka kama aiki numfashi sai ya nemi ɗaukewa, gobe kuma hawa babur ya zama shari'a. Wahalar da yake gudu ita ce ainihin abin da ya biya kuɗi ya zo saya.

Mai Lodi kuwa ba ya gudun komai, har da asibiti. Ya ji Eddie Hall na Ingila ya ɗaga kilo 500 daga ƙasa a 2016, sai ya kwashe faifan gidan kaf ya jera a sanda ɗaya. Ya sunkuya, baya a gantsare ta inda bai kamata ba, sanda nesa da ƙauri, ya kurma ihu, ya fizga. Ƙarfe ya tashi taƙi ɗaya ya koma. Sati uku yana salla a zaune yana cewa sanyi ne ya kama shi.

Akwai Malamin Waya, mai sauya tsari duk Asabar bisa abin da ya gani a YouTube. Akwai Mai Gwangwani, wanda ya kashe kuɗin wata a garin ƙara tsoka, alhali awara da wake da ƙwai da nono suna ƙofar gidansu. Mai kilo 70 abin da yake buƙata bai wuce giram 110 da 'yan kai na furotin a rana ba, ƙwai ɗaya kuma yana ba da kusan 6.

Can a lungu akwai Mai Littafi. Ba ya ihu, ba ya cire riga. Sau uku yake zuwa a sati, ya yi motsi uku ko huɗu, kowanne zagaye uku na ɗagawa biyar zuwa goma, ya rubuta da guntun fensir. In ya cika adadin, sati mai zuwa ya ƙara kilo 2 ko 3, ya tafi gida ya ci abinci ya yi barci. Shekara biyu ke nan tela na ƙara masa yadi. Jiya Mai Madubi ya ja shi gefe, ya waiga hagu da dama, ya rage murya: "Yaya, tsakaninka da Allah, wace allura kake yi?" Ya miƙa masa littafin. Mai Madubi ya juya shafi biyu, ya mayar masa, ya je ya gaya wa Sarkin Benci cewa mutumin nan rowa gare shi.