Wasiƙa Zuwa Ga Tashar Jirgin Ƙasa Ta Kano

Ranki ya daɗe Hajiya Tasha,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da tsofaffin taragunki da 'yan dako da masu shayin bakin ƙofa. Daga wani shagon kwamfuta nake rubuto miki, a nan Fagge, inda na yi kwana uku ina ɗumama benci ɗaya a kan maganar da in kin ji sai kin yi dariya.

Ƙanena ne ya tafi Dubai saro yadi da bizar kwana 30. Kaya ba su haɗu ba, kwantena ba ta cika ba, wa'adi kuma ya ƙarato. Can kuwa wanda ya zarce, tarar dirhami 50 ce kowace rana, kin kuma san yadda naira take sunkuyar da kai gaban dirhami a hannun 'yan canjin Wapa. Aka ce masa ai abu ya zo da sauƙi, ba layi ba ofis, ta intanet ake neman ƙarin kwana. Shi kuwa karatunsa na allo ne da na awon yadi, sai ya turo mini hoton fasfo ta WhatsApp, ya ce, "Yaya, a taimaka a cike mini."

Na ɗora hotonsa, shafin ya ce ya yi nauyi. Yaron shago ya rage shi, aka ce ya yi dishi-dishi. Muka sake, aka ce bangon ba fari ba ne. Da muka tsallake wannan sai aka nemi sunan dangi, mu da gidanmu kowa sunan ubansa yake bi, wani ma sunan garinsu aka liƙa masa tun firamare. Wajen biya katin banki ya ƙi, da ya yarda kuma sabis ya ɗauke. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kafin a bar ni in ci gaba, sai na'ura ta ce in tabbatar mata ni mutum ne. Ta jero hotuna tara, ta ce in zaɓi masu jirgin ƙasa a ciki. Hajiya, na faɗi jarrabawar nan sau biyu. Jiragen da ta nuna mini masu sulɓi ne kamar kifi, ba ɗaya mai kama da naki.

Nan na tuna ke, don ban san wanda ya fi ki sanin baƙon da ya zo na mako guda ya share shekara hamsin ba. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, wa kika taɓa tambaya ranar komawarsa? Akawu ya sauko daga Ikko da akwatin ƙarfe, makaniki ya zo daga gabas, a 1913 aka yanka musu Sabon Gari, ga jikokinsu nan sun fi ni iya ciniki da Hausa. Kwarori sun zo sayen gyaɗa da fata, yau kasuwar da ƙanena yake ci a cikinta sunansu take amsawa, Kantin Kwari, har da titi guda mai sunan Beirut. Alhassan Ɗantata ya dawo daga fataucin goro a Kumasi ya tara buhunan gyaɗa dala-dala, ke kika riƙa kwashewa zuwa bakin teku. Kafin ke ma, Fagge zango ne. Ayarin Buzaye ya sauke gishiri, fatoma ya ba su masauki ya tsaya musu, shi ne bizarsu, shi ne ƙarin wa'adinsu. Ana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A unguwar nan raɓar ce ta ƙi bushewa har ta zama rijiya.

Namu ma da suka fita haka suka yi. Kakannin da suka nufi Makka ta ƙasa, ta Fort Lamy zuwa Sudan, wasu sun tsaya noman auduga a Jazira don su haɗa guzuri, noman ya kai su har jikoki. Je ki Mai Wurno ki ji Hausa. Wa ya turo musu saƙon cewa saura kwana biyu wa'adinsu ya cika?

Kada ki ce ina zagin zamani. Na san kowace ƙasa da ƙofarta, kuma gara shafin da yake wahalar da ni a Fagge da lokacin da aka rufe wa 'yan Nijeriya bizar Dubai ɗungurungum, daga 2022 har Yulin 2024, 'yan Kwari suka yi ta zagaye. Mu ma ai mun koya. Tun Mayun 2025 baƙon da zai shigo Nijeriya ta intanet yake neman biza, an kuma yanka wa mai zarcewa dala 15 a rana. Na zauna na lissafa abin da Sabon Gari za ta biya in aka bi ta bashi tun 1913, kalkuletar yaron shago ta rasa wurin sa sifili.

Abin da yake damuna kawai, na'ura ba ta da fuskar da za a duba. Fatoma kana iya ce masa kaya ne ba su iso ba, ya gyaɗa kai ya ce Allah ya kawo su. Wannan kuwa ba ta san uzuri ba, ba ta san "gobe in Allah ya kai mu" ba. Ga shi ana shimfiɗa miki sabon dogo zuwa Maraɗi, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025. Ina roƙonki, ranar da Bamaraɗiya ta sauko da buhun wakenta za ta gaida ɗiyarta a Kurna, kada ki ce ta zaɓi hotuna tara.

Yanzu dai takardar ƙanena ta shiga, an rubuta mana ana dubawa, saura kwana biyu wa'adi ya cika. In ta dawo, na san jarrabawar jirage za a sake yi mini. Don Allah ki aiko mini da hotonki na kwanan nan in riƙa bita, amma ki tsaya jikin farin bango.

Naki,
wani maƙwabcinki a Fagge